Ranar da Ba-Wuya Ya Hana Unguwa Magana

A layin da ke bayan kasuwa akwai wani mai aski da ake kira Ba-Wuya. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk abin da aka ambata a gabansa, ko tuƙin jirgin sama ne ko cire haƙori, kafin mai magana ya rufe baki ya ce, "Ai ba wuya." Ya taɓa gyara wa telan da ke maƙwabtaka da shi fanka, tun daga ranar bango take yi wa fifita, telan kuma yana ɗinki cikin gumi. Da aka yi masa magana sai ya ce ai bangon ne ke da zafi, shi ya kamata a fara sanyayawa.

Surukarsa tana zaune a ƙarshen layin, kuma a rumfar kwanon da ke ƙofar gidanta akwai wata tsohuwar baƙar mota mai ƙoƙon baya kamar kunkuru, wadda mijinta ya mutu ya bari. Tun babbar 'yar Ba-Wuya tana ƙarama marigayin yake ce mata ranar da ta gama karatu a wannan motar za a je ɗauko ta. Tsohon ya rasu, yarinya ta girma, ga shi za ta gama makarantar koyon jinya. Surukar ta ce alkawarin mijinta ba zai faɗi ƙasa ba tana raye. Aka ɗauko wani tsohon bakanike mai faɗan tsiya, ya yi wata da watanni a ƙarƙashin motar yana zagin tsatsa. Ya tayar da inji, ya gyara birki, aka yi fenti har mutum na ganin fuskarsa a jikin ƙofa. Ana saura 'yan kwanaki a yi taron, santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya karye a hannun dama.

Ya zo rumfar da hannu a saƙale a wuya, yana gaya wa surukar cewa zai aika a kira wani abokin aikinsa. Ba-Wuya yana tsugune a gefe, ya zo gaisuwa.

"Baba, me ya rage ne?"

"Bushi huɗu," in ji Bakanike. "Kowace ƙafar gaba tana juyawa a kan wani sandan ƙarfe. Sandan kuma yana zaune cikin zobba biyu na tagulla, su ne bushi. Na buga sababbi, amma raminsu ya matse. Sai an ƙwaƙule su da rima, har sandan ya shiga da turin babban yatsa, ba ya motsi ba ya cijewa."

Ya ciro rimar daga akwati da hannun hagu. Wani dogon ƙarfe ne mai wuƙaƙe a jere a jikinsa, da noti a sama da ƙasa da ake buɗe wuƙaƙen ko a tsuke su.

Idon Ba-Wuya ya kawo haske. "Au, wannan ne? Ai aski ne, sai dai daga ciki. Inna, kada ki bari a kira kowa. Hannun da ke bin maƙogwaron mutum da aska bai taɓa fid da jini ba, shi ne tagulla za ta gagara? Ba wuya!"

"Kai, ka taɓa riƙe sifana kuwa?"

"Baba, ni sifana ce ke neman hannuna."

Surukar ba ta san bambancin rima da muciya ba, ga kuma kunyar siriki. Ta ce to, Allah ya taimaka. Bakanike ya yi tsaki mai tsawo, ya fara bayani saboda motar, ba don mai askin ba. Ya ce a matse ƙarfen da bushin ke ciki a bais, wato mamatsin da ke kafe a teburin aiki, kada ya motsa. A buɗe wuƙaƙen kaɗan-kaɗan, a ci tagullar kamar ana tausayinta. A zuba mai. A juya ta dama kawai, ko wajen fito da ita kada a koma baya. Duk wannan Ba-Wuya bai ji ko ɗaya ba, yana can yana duba gashin bakinsa a jikin rimar, yana ba mai waldan da ke tsallaken layi labarin yadda ya taɓa yi wa wani direban tirela gyara a hanya.

Bakanike ya daka masa tsawa. "Kai nake wa magana! Abu na ƙarshe, surutu. Da ka ji surutu ka tsaya. Surutu shi ke ɓata bushi, ya bar masa tabo a ciki."

Abin da tsohon yake nufi shi ne ƙarar nan ta kar-kar-kar da rima ke yi in ta fara tsalle a cikin rami. Haka suke kiranta a gareji. Amma kafin ya ƙara bayani 'yarsa ta zo ta tafi da shi gidanta don ya yi jinya, aka bar Ba-Wuya da kalma ɗaya tak a kunne.

Washegari ya rufe shago, ya ɗaura tawul ɗin aski a wuya, ya shiga rumfa. Ya kalli bais ya ce wannan na masu rawar hannu ne. Ya zauna a benci ya matse ƙarfen tsakanin gwiwoyinsa. Ya buɗe wuƙaƙen rima sosai, domin a cewarsa kaɗan-kaɗan aikin rago ne. Mai kuwa bai ko kalle shi ba, kada ya ɓata masa wando. Ya zura rima, ya ja numfashi, ya fara juyawa. Daidai nan matarsa ta leƙo da kofi a hannu.

"Maigida, shayinka fa ya huce."

Karrr-kar-kar-kar! Rimar ta yi tsalle, ƙarfen ya buge shi a gwiwa. Ya murɗo ta da baya ya fizge, ya leƙa ramin. Cikin bushin ya yi layi-layi kamar an yi huɗa a gona.

Ya ɗago a hankali ya dubi matarsa. "Kin gani ko? Kin ga abin da bakinki ya yi?"

"Bakina? Ni shayi na kawo."

"Da baki kika kawo shi ko da hannu? An ce ban da surutu, kin zo kin zuba wa tagulla magana."

"Tagullar kunne gare ta?"

"Da ba ta da shi, wa ya gaya mata ta yi haka?"

Ta ajiye kofin ta ce, "Shekara nawa kana surutu a kan kawunan mutane, ban ga wanda kansa ya yi layi ba."

"Wancan kai ne, wannan kimiyya ce. Ki koma ciki, kuma ki tafi a kan yatsun ƙafa."

Ya ɗauki bushi na biyu. Matar ta tsaya daga nesa ta toshe baki da mayafi, don ta ga ƙarshen abin. Ya fara juyawa ke nan, rimar ta sake ɗaukar kiɗanta. Ya tsaya ya kasa kunne. Can ya jiyo keken tela yana tatata, rediyonsa kuma yana ba da labarin wasan ƙwallo. Ya miƙe da rima a hannu kamar mai zuwa yaƙi.

"Maƙwabci, kashe rediyon nan da keken."

"Don me?"

"Suna shiga mini cikin bushi."

Tela ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Rediyona yana nan a kan tebur tun safe, bai shiga ko'ina ba."

Mai walda ya tsallako yana tambayar abin da ke faruwa, aka ce shi ma injinsa yana cikin masu laifi. Gardama ta kaure har mutane suka taru. Da Ba-Wuya ya ga ba zai ci su da baki ba, sai ya tafi wurin surukarsa, ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Inna, da kunnenki kika ji Bakanike ya ce surutu ke ɓata aiki. Ni na yi iyakar yina, unguwa ce ba ta son motar marigayi ta tashi."

Tsohuwar kuwa ta ji an faɗi haka, ba ta musu. Kuma babu gidan da ba ta taɓa yi wa alheri ba a layin nan. Ta ɗauki sandarta ta bi ƙofa-ƙofa tana roƙon a taimaka a yi mata shiru na yini ɗaya, saboda jikarta. Wa zai iya ce mata a'a?

Gari ya waye layin ya zama kamar an kwashe mutanensa. Tela ya koma ɗinkin hannu. Mai walda ya zauna a kan tsohuwar taya ya rungume hannu. Wani zakara da ya yi niyyar cara, aka kife shi da kwando aka ɗora bargo. A kantin kusurwa ciniki ya koma na nuni: wata mata ta shafa hannu a jiki tana nufin sabulu, mai kanti ya miƙo mata maganin ƙaiƙayi. Wasu maƙwabta biyu da suka saba faɗa a kan kwata suka tsaya suka yi abinsu da hannu da ido kawai, har ɗayan ya ji zafin wani nuni da aka yi masa ya shige gida yana huci.

Ana cikin haka wani baƙo ya shigo layin yana neman kwatance. Ya ga mutane zazzaune jugum, shaguna a buɗe ba mai magana, ga taro a ƙofar gidan tsohuwa. Nan take ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban tela.

"Ashe rashi aka yi? Allah ya jiƙan…"

Mutum goma suka ɗora yatsa a baki a lokaci guda. Baƙon ya ɗauka abin ya kai inda ba a iya ko ambatonsa, sai ya fashe da kuka. Da ƙyar mai walda ya rungume shi ya fitar da shi daga layin.

Da komai ya lafa, Ba-Wuya ya fito da bencinsa bakin rumfa yadda kowa zai gani. Ya ɗaga rima sama ya nuna wa jama'a, ya ƙara buɗe wuƙaƙenta don aiki ya yi sauri. Ko tari babu mai yi. Ya zura, ya murɗa.

KARRR-KAR-KAR-KAR!

Wannan karon har bencin sai da ya yi rawa, haƙoransa suka haɗu, tsuntsayen da ke kan kwanon rumfa suka watse. A cikin shirun nan ƙarar ta kai ƙarshen layi ta dawo.

Ba-Wuya ya miƙe, ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya da jajayen idanu.

"Wani yana magana a zuci."

Ba wanda ya motsa.

"Na ce wani a cikinku yana surutu a cikin ransa! Kai mai walda, me kake cewa a ciki?"

Mai walda ya daɗe yana danne dariya, kumatunsa sun cika kamar balan-balan. Da aka nuna shi, sai ta ƙwace ta hanci da wata irin ƙara, tela ya kama, matar Ba-Wuya ta zube a kan dakali tana riƙe ciki. Zakara ma ya samu ya tura kwando ya fito ya saki carar da ya riƙe tun asuba.

Da wani ne, da ya ji kunya ya haƙura. Ba-Wuya kuwa tsayawa ya yi, ya ɗora yatsa a goshi, can ya yi murmushi.

"Na gano. Laifina ne da na bi ta doguwar hanya. Bakin mutane ba ya rufuwa, amma surutu ai ta ƙofa yake shiga. Sai a rufe ƙofar."

Ya ruga shago ya dawo da dunƙulen audugar da yake goge aska da ita. Ya cusa a kunnen dama, ya cusa a na hagu, ya danna da ɗan yatsa, ya kawo tawul ya naɗe kansa ta ƙarƙashin haɓa. Ya zauna ya murɗa rima. Ƙarfen yana tsalle a gwiwarsa, ƙara tana tashi har yara na toshe kunne, shi kuwa fuskarsa ta cika da annuri.

"KUN JI?" Ya faɗa da ƙarfin da ya firgita kowa, domin ba ya jin muryarsa. "TSIT! SURUTU YA MUTU!"

Daga nan aiki ya yi gudu. Ya bi bushi huɗun nan ya ƙwaƙule su gaba da baya, garin tagulla na zuba a ƙafarsa kamar ana niƙa. Da ya ɗauko sandan ƙarfen don gwadawa, bai ko taɓa gefen ramin ba, ya zarce ta ƙasa ya faɗo masa a babban yatsa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana cije leɓe, amma bakin bai mutu ba.

"BAKANIKE YA CE SAI AN TURA DA YATSA! NAWA DA KANSA YAKE SHIGA!"

Matarsa ta nuna masa da hannu cewa sandan yana lilo a ciki. Ya ce wannan wurin shan iska ne, amma don hankalinta ya kwanta ya yanka gwangwanin madara ya cusa a gefe. Ya mayar da ƙafafun motar, ya ɗaure notocin tayoyi da yatsu, ya ce sifana tana wahalar da ƙarfe. Audugar kuwa ya rantse ba za ta fita ba sai motar ta gama tafiyarta ta farko, kada surutu ya dawo ya warware aikin.

Ranar taro surukar ta ci ado, ta zauna a baya ita da 'yarta, tana shafa kujerar tana share hawaye. Ba-Wuya ya shiga gaba da sabuwar riga da tawul a kai. Tela da mai walda suka hau babur don su bi su a baya. Inji ya tashi da murya mai daɗi, aikin Bakanike. Motar ta fito daga rumfa ke nan sai ga Bakanike da kansa ya sauko daga tasi, ya zo ganin aiki. Kallo ɗaya ya yi wa tayoyin gaba, ɗaya na duban gabas ɗaya na duban yamma, ya ɗaga karyayyen hannunsa ya biyo su da gudu.

"Tsaya! Kai mahaukaci, tsaya! Za ka kashe tsohuwa!"

Ba-Wuya ya hango shi a madubi, ya fito da hannu ta taga yana ɗaga masa. "BA KOMAI BABA! BA SAI KA YI GODIYA BA!"

Muddin ana tafiya a hankali abin da sauƙi, motar tana ɗan rangaji kawai. Da suka hau babban titi ya taka mai, sai gabanta ya fara kaɗawa kamar karen da ya fito daga ruwa. Sitiyari ya shiga fizgar hannunsa dama da hagu. Hon ya fara busa kansa a kowace girgiza. Guntayen gwangwanin madara suka riƙa fitowa suna walƙiya a titi.

"Ki-ki-ki ce ma-masa ya tsa-tsa-tsaya!" in ji surukar, ɗankwalinta ya sauko ya rufe mata ido.

Matar ta kai masa duka a kafaɗa. Ya juyo yana dariya, kumatunsa na rawa. "NA SANI! KAMAR A KAN KATIFA!"

Masu tafiya a gefen titi suka ɗauka wasa ne aka shirya, suka fara tafi daidai da bugun hon. Masu kekuna suka biyo baya. Wani notin taya ya fice ya bugi fitilar babur ɗin tela, na biyu ya faɗa cikin tiren mai sayar da lemo. Mai walda yana ta ihu yana nuna ƙafar hagu, Bakanike kuma ya samu wani ya goya shi a keke, yana tafe yana zagi ba ko numfashi.

Makarantar tana ƙasan wata gangara. Suna fara sauka, tayar hagu ta yi sallama da motar, ta wuce gaba abinta tana tsalle. Ba-Wuya ya bi ta da kallo ya girgiza kai.

"DUBI WANI SAKARAI YA YAR DA TAYARSA! MUTANE BA SA KULA DA MOTA!"

Bai rufe baki ba motar ta durƙusa a kan kafaɗarta ta hagu, ta ja ƙasa tana tartsatsi, ta haye ciyawar bakin ƙofar makaranta ta tsaya cak. Ita kuwa tayar ta shige ta ƙofa, ta bi tsakanin layukan kujerun da aka jera a fili. Daidai lokacin shugabar makaranta ta kira sunan 'yar Ba-Wuya a lasifika don ta fito ta karɓi takardarta. Kafin yarinyar ta miƙe, taya ta riga ta. Ta gangara har gaban teburin manyan baƙi, ta yi juyi biyu, ta kwanta a ƙafar shugabar.

Filin gaba ɗaya ya fashe da dariya.

Aka fito da surukar, ba ta ji ciwo ba sai jiri. Ta tsaya ta gyara ɗaurinta, ta dogara sanda, ta zagayo inda Ba-Wuya ke tsaye yana yi wa jama'a bayani da ƙarfi cewa titin ne ba a shimfiɗa shi daidai ba. Yau kam ta ajiye kunyar siriki. Ta kwance tawul ɗin da hannunta, ta zare audugar dama, ta zare ta hagu. Dariyar mutum ɗari da zagin Bakanike suka shige masa kai a tare.

Ya dafe kunnuwa. "Inna, kin ji ko? Kin ji irin surutun da nake fama da shi? Wace mota ce za ta jure wannan?"

Tsohuwar ta dubi audugar da ke tafinta, ta miƙa wa 'yarta. "Riƙe masa. Maganin daidai ne, ramin ya kuskure. In kun koma gida ki sa masa a baki."

Jikar ta iso da gudu cikin fararen kayanta, takarda a hannu, tana dariya tana kuka. Ta rungume kakarta ta ce ai mota ta zo, alkawari ya cika, ita dai sai an ɗauke su hoto a ciki. Mai hoto ya duba ya ce ba zai yiwu ba motar tana durƙushe, sai an ɗaga gefen. Aka nemi jak, ashe Ba-Wuya ya bar shi a rumfa, wai motar da ya gyara ba ta buƙatarsa.

Bakanike ya nuna shi da hannun mai lafiya. "Ga jak nan tsaye."

Tela da mai walda da wasu ƙarti suka ɗaga motar, aka tura Ba-Wuya ya durƙusa ya sa kafaɗa a inda taya ta bari, su kuma suka riƙe ta gefe inda ba za su fito ba. Kaka da jika suka zauna a baya suna murmushi ta taga. Mai hoto ya ce kowa ya tsaya kada ya motsa, ya daɗe yana gyara tsayuwa, da gangan in ji wasu.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Yana nan rataye a shagon aski, sama da madubi. A can ƙasan kusurwa, inda ya kamata a ga taya, ana ganin rabin wata fuska da jijiyoyin wuya a tashe. Duk wanda ya zauna a kujera, kafin a ɗaura masa tawul Ba-Wuya zai nuna wurin da tsinin almakashi.

"Ka ga nan? Ni ne. Mota guda, da mutum biyu a ciki, a kafaɗa ɗaya. Kuma ko nishi ban yi ba."